Afirikot a bakin kyanwa: abinci ne ko guba?

Maman Hanifa (Rikkos): Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sani ku taimaka min. Shin kyanwa za ta iya cin afirikot, wannan da alhazai ke ce wa mishmish? Surukata ta dawo daga Umara da busasshensa leda biyu, ɗaya an cire ƙwallon, ɗaya kuwa da ƙwallonsa. Yara suna ci suna gutsura wa kyanwarmu, ita kuma ta ɗan lasa, ta tauna kaɗan, ta bari. Ƙwallon ne ta fi so, sai ta riƙa bugunsa da hannu yana gangarawa a kan tayil har ƙarƙashin kujera, tana binsa a guje. Maƙwabciyata ta ce guba ne, in raba ta da shi. Maigida kuma ya ce abin da mutum ya ci ya kwana lafiya ba zai kashe dabba ba. Wanne zan ɗauka?

Baba Ɗanjuma (Gangare): Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki. Tun ina yaro ake kiwon kyanwa a gidanmu, ban taɓa ganin wadda ɗan itace ya kashe ba. Kyanwa tana da hanci, abin da zai cuce ta ba ta kai masa baki. Ki ɓare lemo ki ajiye mata ki gani, ko kusa ba za ta je ba. Allah ne ya halicce ta da wannan wayon, ba sai mun koya mata ba.

Ibrahim (Titin Bauchi): Baba, a gafarce ni. Da hancin kyanwa yana tsare ta, da ba a riƙa tsintar gawarwakinsu a lungu duk lokacin da wani gida ya zuba shinkafar ɓera ba. Hancinta ya san ɓera, ya san kifi, ya san naman da ya lalace. Abin da aka sauko da shi daga jirgi jiya kuwa, a ina ta san shi?

Auwal Mai Kayan Marmari (Farin Gada): Ni dai sana'ata ce, bari in faɗi ɓangaren da na sani. Ɗanyen afirikot ba kasafai yake shigowa kasuwarmu ba, sai dai a manyan kantuna, saboda ba ya jure tafiya, kwana kaɗan ya yi laushi. Bishiyarsa tana son hunturun da ya fi namu na Jos tsanani. Busasshen da ake gani yawancinsa daga Turkiyya ne, daga wani yanki da ake kira Malatya, can ne cibiyarsa a duniya. Ko wanda alhazai ke sayowa a Makka da Madina, in ka juya bayan ledar sau da yawa Turkiyya za ka gani a rubuce. Mai launin lemo mai ƙyalli an turara shi da hayaƙin farar wuta ne don kada ya yi baƙi. Wanda ba a turara ba shi ne mai duhu, launin ƙasa. Maganar kyanwa kuma sai likitan dabbobi. Dakta Zulai, ko kina kusa?

Dakta Zulai: Ina nan, Malam Auwal, yanzu na tashi daga aiki. Maman Hanifa, maƙwabciyarki da maigidanki kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma na maƙwabciyar ya fi girma.

Tsokar afirikot, wato abin da yaran ke ci, ba guba ba ce ga kyanwa. In ta gutsiri ɗan kaɗan, abin da ya fi yawa shi ne ba za ki ga komai ba, ko kuma ta yi amai ko zawo na yini guda. Inda matsalar take shi ne ƙwayar da ke cikin ƙwallon, da kuma ganyen bishiyar da itacenta. Akwai wani sinadari a cikinsu, amigdalin. Muddin ƙwayar tana nan yadda take a cikin ɓawonta, yana kwance lafiya. Da zarar an fasa, an tauna ko an daka, sai ya haɗu da wani sinadarin da ke cikin ƙwayar, su saki guba mai suna sayanaid. Ƙwayoyin bakteriya da ke hanji ma suna taimakawa wajen sakin ta.

Wannan guba ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce a cikin rogo mai ɗaci, shi ya sa ake jiƙa shi kwanaki kafin a ci, shi ya sa kuma akuya ke faɗuwa in ta sha ruwan da aka matse daga rogon gari. Ita ce a sabon tohon dawa da makiyaya ke hana shanu kusanta bayan an yi girbi ko an yi fari. Aikinta a jiki shi ne ta hana tsoka da ƙwaƙwalwa amfani da iskar da jini ya ɗauko. Dabbar tana shaƙar iska, jinin yana cike da ita, amma jiki ya kasa karɓa. Shi ya sa dasashin dabbar yake yin ja sosai, ja mai haske, ta yi ta haki, baƙin idonta ya buɗe, ƙafafu su kasa ɗaukarta, wani lokaci har da jijjiga. Kuma ba ta jira, cikin mintuna ko 'yan awanni abin yake bayyana.

Babbar kyanwa nauyinta bai wuce kilo 3 zuwa 5 ba. Abin da magidanci mai kilo 70 zai ci bai ji komai ba, a jikinta kaya ne mai nauyi. Don haka ki tattara ƙwallayen yau ɗin nan, ki duba har ƙarƙashin kujerar.

Baba Ɗanjuma (Gangare): Likita, na ji bayaninki kuma na yarda da maganar rogo, don na ga akuyar da ta mutu a kansa da idona. Amma wace kyanwa ce za ta iya fasa ƙwallon nan? Ni na taɓa riƙe shi a hannuna, dutse ne. Haƙorin kyanwa na yagar nama ne, ba na fasa dutse ba. To ta ina gubar za ta fito?

Dakta Zulai: Baba, wannan tambayar ta manya ce, kuma gaskiyarku ne. Kyanwa ba ta da turamen haƙora masu niƙa irin namu, da wuya ta fasa shi. Shi ya sa ba kullum ake ganin kyanwar da wannan gubar ta kama ba, kare ya fi faɗawa ciki. Sai dai ƙwallon ko bai fashe ba yana da nasa sharrin. Zai iya maƙale mata a maƙogwaro tana cikin wasa, in kuma ta haɗiye ƙarami ya tsaya a hanji, to sai tiyata. Hanjin kyanwa siriri ne ƙwarai. Alamar toshewa ita ce amai ba ƙaƙƙautawa, ƙin abinci, da rashin yin kashi. Sannan akwai abin da nake so in tambayi Maman Hanifa: yaran ba sa fasa ƙwallon?

Maman Hanifa (Rikkos): Wallahi suna fasawa, Dakta. Jiya da yamma a bayan kicin na same su sun samo dutse suna fasawa kamar yadda suke yi wa ƙwallon kwakwar manja. Hanifa ta ce wata ƙwayar da daɗi, wata kuma da ɗaci sai su tofar. Waɗanda suka tofar suna nan a ƙasa inda kyanwar ke kwanciya shan hantsi.

Anti Rahila (Bukuru): Maman Hanifa, ki bar maganar kyanwa tukuna. Yaran suna CIN ƙwayar? Shekarunsu nawa? Ni ma'aikaciyar jinya ce, gabana ya faɗi da na karanta wannan. A 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da gargaɗi cewa babban mutum in ya ci fiye da ƙananan ƙwayoyi uku a zama ɗaya zai iya wuce iyakar da babu haɗari, ƙaramin yaro mai tatata kuwa ko ƙwaya ɗaya na iya wuce masa iyaka. Mai ɗacin ita ce ta fi gubar, ɗacin nan da suke ji shi ne amigdalin ɗin. Mai daɗin ma ba a ce babu ko kaɗan ba, ya dai yi ƙasa. Ki tambaye su ko akwai mai ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai.

Maman Hanifa (Rikkos): Innalillahi. Hanifa shekararta takwas, ƙaninta biyar, sai auta mai shekara biyu amma shi ba ya wurin, yana goye a bayana lokacin. Na tambaye su yanzu, sun ce lafiya ƙalau suke, sun kuma je makaranta yau sun dawo. Na kwashe ledar mai ƙwallon na kulle a durowa, na share bayan kicin ɗin.

Anti Rahila (Bukuru): Mun gode Allah. Tunda an kwana an wuni babu komai, abin da suka ci jiya ya wuce, wannan gubar ba ta ɓuya ta fito bayan kwana biyu. Amma ki zaunar da su ki gaya musu dalili, kada ki tsaya a hani kawai, don yara in sun gano wasa sai sun koya wa na maƙwabta. In za ki ba su sauran, ki cire ƙwallon da hannunki ki jefa a masai, kada ki zuba a bola inda yaran unguwa da awaki ke tono.

Hajiya Binta (Nasarawa): Ni fa wannan magana ta ɗaure min kai. Ƙwayar nan da kuke cewa guba, ita ce ake sayarwa a intanet a matsayin maganin ciwon daji, suna ce mata bitamin B17. Yayata tana fama da ciwon nono, wata ƙawarta ta aiko mata da gwangwani guda daga waje da tsada, aka ce ta riƙa cin ƙwaya bakwai kullum. Sun ce gubar tana zuwa ne ta kashe ciwon kaɗai ta bar lafiyayyen jiki, wai kamfanonin magani ne ke ɓoye maganar don kada kasuwarsu ta mutu.

Anti Rahila (Bukuru): Hajiya, Allah ya ba Yaya lafiya, ya sassauta mata. Ina roƙonki da girman Allah ki karɓe gwangwanin nan daga hannunta. Babu wani bitamin B17, suna ne 'yan kasuwa suka laƙaba don a saya. Ba a ɓoye maganar ba, an gwada. A Amurka an yi gwaji a kan masu ciwon daji 178 ƙarƙashin jagorancin asibitin Mayo, aka buga sakamakon a 1982: ciwon bai warke ba, bai tsaya ba, ba su ƙara tsawon kwana ba, wasu kuma aka ga alamun gubar sayanaid a jininsu. Guba ba ta da ido da za ta zaɓi inda za ta je. Ƙwaya bakwai kullum ga mai jikin da ciwo ya riga ya raunana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya Binta (Nasarawa): Anti, ba wai na ƙi maganarki ba ne. Amma ku da kuke asibiti kun san kuɗin allurar nan da ake yi musu, kun san yadda gashi ke zubewa, mutum ya rame ya koma ƙashi. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kada ku ga laifinta.

Anti Rahila (Bukuru): Ba na ganin laifinta ko kaɗan, Hajiya. Laifin na masu sayarwa ne, da suka san halin da marar lafiya ke ciki suke cin kuɗinsa. Ki yi min magana ta gefe, mu tattauna yadda za ki faɗa mata ba tare da ta ji an kashe mata fata ba. Kuma a gaya wa likitan da ke duba ta cewa ta ci, da yawan da ta ci, kada a ɓoye masa.

Sani Mai Shayi (Terminus): Maganar yara da ta Hajiya na fahimta, Allah ya kawo sauƙi. Amma ku yi haƙuri, ni raina ya ɓaci tun farko. A garin nan akwai gidajen da tun safe ba a ɗora tukunya ba. Kullum sai yara sun tsaya a gefen teburina suna jiran gutsuren burodi. Mu kuma muna nan muna muhawara a kan ko kyanwa za ta ci mishmish ɗin Makka. Wannan ba almubazzaranci ba ne?

Malam Sabo (Unguwar Rogo): Malam Sani, zafin da ka ji na mai imani ne, Allah ya saka maka da abin da kake ba yaran nan. Amma ka duba, baiwar Allah nan ba ta ce ta sayo wa kyanwa afirikot ba. Tsaraba aka kawo, yara suka gutsura mata, uwa ta ji tsoro ta tambaya. Duk wanda ya ajiye dabba a gidansa ya ɗauki amana. Hadisi ya tabbata a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Tausayin dabba ba ya rage tausayin mutum, zuciya ɗaya ce ke yin duka biyun. Kuma ka ga ta dalilin kyanwar nan aka gano abin da yara ke ci a bayan kicin.

Sani Mai Shayi (Terminus): Na ji, Malam. Ni dai ina nan a kan cewa in akwai rara a gida, a fara leƙa maƙwabci.

Ibrahim (Titin Bauchi): Dakta, bari in dawo da mu kan tsokar. Kin ce ba guba ba ce. To ni na karanta cewa afirikot yana da sinadarin da ke gyara ido, irin na karas. In haka ne ai ɗan kaɗan zai amfane ta, me zai sa a hana?

Dakta Zulai: Ibrahim, zai amfane ka, ita ba zai amfane ta ba. Launin lemon nan na afirikot da karas daga sinadarin karotin ne, jikin mutum yana juya shi ya zama bitamin A. Jikin kyanwa bai iya wannan juyin yadda zai wadatar da ita ba, dole ta samu bitamin A a shirye daga nama da hanta. Kyanwa maciyar nama ce zalla, ba kamar kare ba da ke iya rayuwa da gauraye.

Ko zaƙin ma ba ta ji. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke sa harshe ya ji zaƙi ta lalace a jikin kyanwa, har da danginta na daji irin su damisa. Shi ya sa Maman Hanifa ta ce tana lasa ta bari. Ba daɗinsa take ji ba, hannun yaran take bi don ta saba samun nama a wurinsu. Busasshen kuma sukari ne a dunƙule, ga danƙo yana manne wa haƙora, ga hayaƙin farar wutar da Malam Auwal ya ambata, wanda in ya yawaita a abincin kyanwa kullum yana lalata bitamin B1. Loma ɗaya ba za ta yi wannan ba. Amma abin da ba ya ƙara mata komai, kuma yana tafe da ƙwallo mai haɗari, ban ga dalilin saba mata da shi ba. Haka hukuncin yake ga danginsa irin su fulam da ceri, kuma 'ya'yan cikin tuffa ma suna da amigdalin, duk da nasu kaɗan ne.

Abu ɗaya da ya fi tsokar afirikot tayar min da hankali a farantin tsarabar alhazai shi ne zabibi. An tabbatar inabi da zabibi suna kashe ƙodar kare, ana kuma tsoron haka ga kyanwa, don haka mu likitoci muna cewa a nisanta su duka biyu.

Maman Hanifa (Rikkos): Akwai zabibin kuwa a cikin tsarabar, a gauraye da dabino. Shi ma na ɗauke.

Baba Ɗanjuma (Gangare): To in tsautsayi ya faɗa, ta ci abin da bai kamata ba, ai maganin a kicin yake. Mu a da manja ake ɗura wa dabba, ko madara, ko a dama gishiri a ruwa a ba ta ta amayar. Na ceci kare da manja da hannuna.

Dakta Zulai: Baba, a nan kam zan roƙe ku ku bar wannan, musamman ga kyanwa. Manja ba ya kashe sayanaid, madara ma haka. Dabbar da ke haki tana fafutukar numfashi, in aka danne ta aka ɗura mata mai, sau da yawa huhu yake wucewa, ta tsira daga gubar ta mutu da ciwon huhu bayan kwana uku. An sha kawo min kyanwa gashin ƙirjinta jajawur da manja, tana numfashi ana jin ƙarar ruwa a ciki, abin da ta ci tun farko ma bai kai ya kashe ta ba. Ruwan gishiri kuwa shi kansa guba ne, yana kumbura ƙwaƙwalwa. Babu wata hanyar sa kyanwa amai a gida da ba ta da haɗari, mu allura muke yi.

Abin da za a yi shi ne a naɗe ta a tawul, a sa ta a kwali ko kwando mai iska, a ɗauki ragowar abin da ta ci ko ledarsa, a nufi likitan dabbobi nan take, a kuma kira shi tun a hanya don ya shirya. Sayanaid tana da makari, allura ce ta jijiya, amma sai an zo da wuri take aiki. Kuma mu a Jos ba mu da uzuri. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom tun 1924, Jami'ar Jos tana da tsangayar likitancin dabbobi, ga asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a cikin gari. Duk mai kyanwa ko kare ya nemi lambar likita ɗaya ya ajiye a waya tun kafin ranar buƙata.

Baba Ɗanjuma (Gangare): Karen nawa dai ya tashi, kuma ya yi shekaru bayan nan.

Dakta Zulai: Na yarda ya tashi, Baba. Da yawa suna tashi don abin da suka ci bai kai ba. Waɗanda ba su tashi ba su ake kawo mana.

Anti Rahila (Bukuru): Dakta, ki yi musu maganar farasitamol don Allah. Wata maƙwabciyata ta ga kyanwarta ba ta da kuzari, ta ɓalli rabin ƙwaya ta ba ta da kyakkyawar niyya. Washegari fuskar ta kumbura, tafin ƙafafun ma haka, dasashin ya koma launin ƙasa. Ba ta kai dare ba.

Dakta Zulai: Wannan shi ne abin da ya fi afirikot kashe kyanwa a gidajenmu nesa ba kusa ba. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da farasitamol, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta. Kada a ba kyanwa kowane maganin mutane sai likita ya ce. Sai fiya-fiya da ake fesawa a ɗaki a rufe ƙofa da ita a ciki, ko a shafa mata wai don ƙuma. Maganin kaska na karnuka ma akwai wanda in aka ɗiga wa kyanwa sai ta kama jijjiga. Sai ɓeran da ya ci guba ya fito yana tangaɗi, ta kama shi cikin sauƙi.

Amma wanda ya fi yawa, kuma ba a lura da shi, albasa ce da tafarnuwa. Suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, kuma dafuwa ba ta kashe wannan illar. Ba a ganin abin a ranar, sai bayan kwanaki ka ga ta yi sanyi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Gidan da kullum sauran miyar dage-dage ko romon farfesu ake juye mata a kwano, a hankali ake cin jininta.

Ibrahim (Titin Bauchi): To ai kuwa babu miyar da ba albasa a garin nan. Me za ta ci ke nan? Abincin gwangwani na kanti ya fi ƙarfin talaka.

Baba Ɗanjuma (Gangare): Abin da nake faɗa ke nan. Namu na da tuwo da miya suke ci, su haihu, su tsufa.

Dakta Zulai: Baba, naku na da suna kwana a rumbu da zaure, dare ya yi su kama ɓera da ƙadangare da fara. Tuwon ƙari ne kawai, ainihin abincinsu farauta ce, a nan suke samun abin da jikinsu ke nema. Ta yanzu da ke kulle a bene ko a gida mai tayil da silin, abin da aka zuba mata shi ke nan. Akwai wani sinadari, taurin, da ake samu a nama kaɗai, jikin kyanwa ba ya haɗa isasshe da kansa. In ta rasa shi ido yana mutuwa a hankali, zuciya kuma ta saki. A 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gano cewa rashinsa ne ke jawo wani ciwon zuciya da ke kashe kyanwoyi da yawa, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abincin da suke sayarwa.

Ibrahim, ba sai ka je kanti ba. Kafin a zuba albasa da kayan ɗanɗano a tukunya, a tsame mata nata naman. Wurin masu yankan kaji ana samun zuciya da ƙundu da araha, zuciya ma tana da wannan sinadarin taurin sosai. A tafasa da ruwa zalla, ba gishiri, a ba ta har da romon. Dafaffen ƙwai yana da kyau, kifi ma a dafa a cire ƙaya, don wasu kifayen in ɗanye ne suna lalata bitamin B1. Hanta kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako, in ta yi yawa tana sandarar da ƙashin wuya. Kada a ba ta dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji. Madarar shanu kuma yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su, ruwa mai tsabta ya ishe su.

Auwal Mai Kayan Marmari (Farin Gada): Dakta, ni tawa tana bin kankana in ina yankawa. Ita ma in hana?

Dakta Zulai: Ruwan take bi, Malam Auwal. Ɗan yanki kaɗan ba 'ya'ya ba ɓawo, ba laifi. Amma ka duba ko kwanon ruwanta yana bushewa, ka kuma ajiye shi nesa da inda take cin abinci, sun fi sha a haka.

Sani Mai Shayi (Terminus): Akwai wata da ke zuwa teburina da asuba da 'ya'yanta uku. Gutsuren wainar ƙwai nake jefa mata, kuma da albasa nake soyawa. Dakta, in dafa mata guda ɗaya daban ya wadatar, ko sai na haɗa da wani abu?

Dakta Zulai: Tunda tana yawo tana farauta, dafaffen ƙwai ɗaya ba gishiri ya yi, Malam Sani. Mai shayarwa ce, in ka samu ƙundu ko kan kifi dafaffe ka ƙara mata. 'Ya'yan kuma kada ka ba su madarar shayi, ka bar su da nonon uwarsu har su kai wata ɗaya, sannan ka fara marmasa musu ƙwan.